Ragona da Yaya Ya Hana a Yanka

Ni mutum ne mai zargi, kuma sana'ata ce ta mai da ni haka. Irin shuka da takin zamani da maganin feshi nake sayarwa a kasuwar Funtua. Duk wanda ya daɗe a wannan layin, ko sallama aka yi masa sai ya juya ta ya duba ƙasanta kafin ya amsa. Amma zargin da ya fi kowanne daɗewa a cikina, a kan cinyar kaza ya fara.

Matar yayana ce ta ba ni ita. Tun ranar da aka kawo matar nan gidanmu na Gozaki, ina yaro mai yawo ba wando, har furfura ta fito mini a gemu, in dai an yanka kaza a gidan to rabona wuya ne. In ta tashi da fara'a ta haɗa mini da ƙafa ɗaya. Na ci wuyan kaji a hannunta har ina jin in na yi tari cara zan yi. Sai ga shi ran nan na buɗe kwano na tarar da cinya guda, ɓul-ɓul, tana kwance a kan tuwon masara kamar hakimi aka kawo wa.

Na rufe kwanon, na sake buɗewa. Tana nan.

Na ce, "Kwanon wane ne wannan aka yi kuskure aka ba ni?"

Ta ce, "Naka ne, Auta. Ci ka yi ƙwari."

"In yi ƙwari in yi me?"

Ta yi dariya ta shige madafa. Ni kuwa na ci cinyar, don ba a wasa da abinci, amma kowace loma sai da na juya ta na duba ƙasanta kafin in kai baki.

Dalilin wannan tsoro shi ne Yaya ba shi da lafiya. Ciwon ya fara da kumburin ƙafa, muka ce tsayuwar gona ce. Sai fuska ta bi, fitsari ya yi ƙaranci, ga amai. Da muka kai shi babban asibiti a Zariya, likita ya ce ƙodojinsa duka biyun sun gaji, hawan jinin da bai san yana da shi ba ya cinye su a hankali. Aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, wato a haɗa mutum da inji, jininsa ya fita ta wannan tiyo, ya wanku, ya dawo ta wancan. A gidana na Funtua yake sauka duk ranar zuwa, ni nake kai shi in dawo da shi. Mutumin da na sani yana ɗaga buhun masara kamar matashin kai, ya koma in ya fito daga ɗakin nan sai na tallafe shi har mota.

Wata rana likitan ya tara mu a ofishinsa, ni da Yaya da matarsa da babban ɗansa namiji. Ya ce wankin nan riƙon ƙwarya ne, jikin Yaya ba ya jure shi yadda ake so, abin da ya fi shi ne dashe. Ya ce ƙodar ɗan'uwa na jini ta fi zama lafiya, kuma mutum yana rayuwa da guda ɗaya lafiya lau. Ɗan nasa aka gwada, jininsu bai zo ɗaya ba. Sauran yaran da ke gida ƙanana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya kuwa, ni da Yaya kaɗai muka rage a duniya.

A ofishin nan babu wanda ya dube ni. Matarsa ta dubi fanka, ɗansa ya dubi takalminsa, Yaya ya dubi kalandar bango kamar shi ya buga ta. Wannan rashin kallon shi ya fi tayar mini da hankali, don na san mutanen gidanmu: abin da suke so a kasuwa, shi suke wucewa ba su waiwaya ba. Sati bai zagayo ba sai ga cinyar kaza.

Ya kamata mai karatu ya san irin jaruntakata. Rabona da allura tun rigakafin sanƙarau a firamare, wadda sai da malamai suka bi ni har cikin gonar dawa. Ko kaza ake yankawa, ni ne mai zuwa ɗebo ruwa. Ragon Layya ma da ido a rufe nake riƙe ƙafarsa. To daga lokacin nan duniya ta canza mini. In aboki ya dafa mini kwiɓi a wajen gaisuwa sai in zabura. Tela ya zagaya mini tef a ƙugu na ce masa wa ya aiko ka. Maiɗakina ta tambaye ni ko ina shan ruwa sosai a shago, na kwana biyu ina lura da wanda take waya da shi.

Ana haka sai ɗiyar Yaya ta fari ta zo hutu, bayan kaka. Yaya ba ya kiran sunanta saboda kunyar ɗan fari, "yarinyar nan" yake ce mata, ni ma na bi shi. Tana karatu a ƙasar waje, a fannin da ko ita in ta faɗi sunansa sai ta huta a tsakiya. Abin da na gane shi ne suna ƙoƙarin tsirar da naman jikin mutum a ɗakin bincike, yadda muke rainon yabanyar tumatir kafin a dasa. Ita ma ta ce a gwada jininta, Yaya ya ce ko kusa, yarinya mai haihuwa a gaba.

Muna zaune a rumfa bayan la'asar, ni da Yaya, sai ta je jikin darni ta tsinko busasshen soso, ta ɓare ɓawon, ta kakkaɓe 'ya'yan, ta miƙo mini.

"Baba Ƙarami, mene ne wannan?"

"Kin tafi har ƙasar Turawa kin dawo kina tambayata soso? A mayar mana da kuɗin jirgi."

"Da yana ɗanye fa, me ke cikinsa?"

"Tsoka da ruwa."

"Ina suka tafi?"

"Sun bushe, saƙar ta rage."

Ta ce to wannan shi ne aikinsu. Kowace gaɓa ta jiki tana da irin wannan saƙar a ciki, wadda ƙwayoyin halitta suke maƙalewa a kanta. Sai su ɗauki ƙodar dabba, su riƙa tura mata wani ruwan sabulu ta jijiya a hankali, har duk ƙwayoyin dabbar su wanke su fita. Abin da zai rage fari ne fat, da siffar ƙoda, da duk hanyoyin jini da na fitsari, amma ba kowa a ciki, kamar gidan da masu haya suka tashi. Daga nan sai a shuka ƙwayoyin jikin maras lafiya a kan saƙar, a yi ta ba su abinci, da fatan su cika gidan. In ya yiwu, jiki ba zai ƙi ta ba, tunda mutanensa ne a ciki. Ta nuna mana a wayarta, wata 'yar ƙoda a cikin kwalba tana komawa fara kamar albasa.

Na matsa gefe da kujerata. A raina na ce ga shi nan, an fara da soso, za a ƙare a kwiɓina. Yarinyar nan tun tana ƙarama in tana son alewa, da tambayar lafiyar ƙafata take farawa.

Yaya ya ce, "Ƙodar wace dabba?"

Ta ce, "An fi yi da ta ɓera. In ana son babba kuma, ta alade."

Yaya ya yi a'uziyya ya tofar. "Ta rago fa?"

"Akwai masu gwadawa da ta tumaki. Amma Baba, ka saurare ni da kyau. Abin nan bai kai ga mutane ba. A ɓera ma ɗan ɗigon fitsari ta yi, ba ta riƙe rai ba. Ƙoda tana da ƙwayoyi iri-iri, kowanne da gurbinsa, har yanzu ba mu iya zaunar da kowa a ɗakinsa ba. Shekaru ne masu yawa a gaba, wataƙila sai jikokinka. Na nuna maka ne don ka tambaye ni abin da nake yi."

Yaya ya karɓi soson daga hannuna ya juya shi. Ya ɗaga kai ya dubi turke, inda wani rago fari mai baƙin kunne yake cin harawa.

Ya ce, "Zan jira. Wancan ragon kada a yanka shi, a ajiye mini. In sun gama gwajinsu sai a wanke tasa a sa mini."

Ragon nan nawa ne. Al'adarmu ce, kowace shekara bayan Sallah nakan sayi ɗan rago in kai wa matar Yaya kiwo, ta yi ta ɗura masa dusa da kanwa, in Layya ta zagayo in zo gida da iyalina mu yanka tare da nasu. Amma ran nan ko raƙumi Yaya ya nuna zan ce na ba shi. Yarinyar ta yi magana har muryarta ta dushe, ta ce ba haka ake yi ba, ba a ajiye rago, ba a jira. Ya ce ya ji, zai jira. Ta koma makaranta da kumburarrun idanu.

Ni kuwa na dawo Funtua kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka. Babu wanda ya kai ni yarda da wannan ilimi. A shago na yi ta ba da labari, kowace rana yana ƙara tsawo. Na ce ɗiyarmu tana saƙa ƙoda kamar hula. Na ce nan gaba kaɗan za a riƙa zuwa da rago asibiti a fito da sabon mutum. Maƙwabcina mai sayar da injin feshi, ɗan kudu ne amma haifaffen Funtua, ya fi ni Hausa, ya ce, "Alhaji, in haka ne me ya sa kake farin ciki kamar kai za a sa wa?" Na ce son ɗan'uwa ne. Ya ce ya gani.

Na ci gaba da jiran ranar da za a zaunar da ni a ce, to Auta, kafin soson ya nuna, ko za ka ba da aron taka. Rani ya wuce ba wanda ya ce uffan. Cinyar kaza ma ta koma wuya. Wani zai ce hankalina ya kwanta ke nan, amma mai zargi ba ya zama ba aiki. Da na rasa abin zargi a kaina, sai na fara lura da Yaya.

Da bazara ta yi, na kai masa wani sabon irin masara, mai saurin nuna, wanda manoma daga Bakori har Tsiga suke rububinsa. Na san abin da zai ce, don tun da na buɗe shago yake faɗa mini shi. Yaya bai taɓa shuka sabon iri a tsakiyar gona ba. 'Yan kunyoyi yake ware masa a gefe, ta wajen tsamiya, ya sa masa ido damina bayan damina: ya ga yadda yake yi da fari, yadda yake yi da ruwa mai yawa, ko ƙwari na sonsa a rumbu, ko tuwonsa yana kwana. Sai irin ya tsufa, kamfani ya daina yin sa, sannan Yaya zai ce ya yarda. Ni da muka sha nono ɗaya, bai taɓa karɓar maganata a kan ƙwayar masara ba.

Ya zuba irin a tafin hannu, ya ciji ɗaya, ya ce wa ɗansa, "A sa shi a gefe, wajen tsamiya. Mu ga halinsa tukuna."

Bai rufe baki ba ya juya ya ce wa matarsa a ƙara wa ragon ƙodarsa dusa.

A hanyar komawa, ban kai Funtua ba na tsayar da mota a gefen titi na zauna. Mutumin da ba ya yarda da masarar da dubban mutane suka ci suka ƙoshi, shi ne ya yarda da abin da ko ɓera bai gama amfana da shi ba, kuma a tsakiyar cikinsa za a shuka? Wannan ba yayana ba ne. Ko dai injin wankin nan ya wanke masa hali tare da jini, ko kuma akwai magana.

Na fara sa ido irin na mai shago da ya ga yaro yana zagaya buhu. Yaya mutum ne da ya san farashin masara a kowace kasuwa daga Malumfashi har Dandume kafin rana ta take. Amma in yarinyar ta bugo waya, sai ya tambaye ta sanyi, ya tambaye ta ko tana samun tuwo, ba ya taɓa cewa ina aka kwana a batun soso. Mai jiran abu yana tambaya. Ni da na sa a ɗinka mini babbar riga, tela har ɓuya yake yi.

Sai kuma na ji cewa ranakun da yake da ɗan ƙarfi yana sa ɗansa ya goya shi a babur, su zagaya gonaki har ta wajen Ƙarfi, yana nuna masa iyaka: daga wannan aduwar zuwa waccan gambar namu ne, wancan ɓangaren aro aka ba wane, kada a karɓe sai ya gaji da kansa. Mai shirin karɓar sabuwar ƙoda ba ya nuna iyakar gona.

Na ce bari in gwada shi yadda yake gwada iri. Wata ranar wanki, muna cikin mota, na ce, "Yaya, ka ji labari? An ce gwajin nan ya lalace. Duk ɓerayen sun mutu."

Ya ce, "Za su gyara."

Na bari aka yi kwanaki, a wata tafiyar na ce, "Yaya, albishirinka. An ce sun gama. Wata mai zuwa za a fara sa wa mutane, kuma da 'yan Katsina za a fara."

Ya ce, "Madalla," da irin muryar da zai amsa in an ce masa an yi yayyafi a wani gari. Ko gyara zama bai yi ba. Can ya ce, "Ka lura da ramin can."

A nan na tabbatar. Bai yarda da soson nan ba ko na minti ɗaya. Ragon kawai wani abu ne da ya kafa a tsakar gida don in an zo da maganar dashe ya nuna shi.

Na samu matarsa a bakin turke tana zuba harawa. Na ce, "Ke, tsohuwa, zo ki gaya mini gaskiya, ko in sake ki yau."

Wasan da muke yi ke nan tun ina yaro, ni ne mijinta ƙarami. Kullum amsarta ita ce in fara biyan sadaki tukuna. Ran nan ba ta ce haka ba. Ta kakkaɓe hannu a zane ta ce, "Sai yanzu ka gane? Duk wayon naka na kasuwa?"

Ta ce tun ranar da muka fito daga ofishin likita, da suka isa gida, ya tara su ya ce duk wanda ya yi mini maganar ƙoda bai yafe ba. Ya ce ranar da Baba ya rasu ina goye, Inna kuma da za ta bi shi ta riƙe hannunsa ta ce ga Auta nan. Ya ce shi ya goya ni zuwa gona, shi ya biya mini makaranta da kuɗin auduga, shi ya yi mini aure, ba zai zo ƙarshe ya sa a kwantar da ni a tsaga ba, yaron da ke suma in ya ga jinin kaza. Yana ta neman abin da zai rufe bakin mutane da shi, sai ga yarinya da soso.

Na ce, "To cinyar kazar fa?"

"Wace cinya?"

"Kada ki raina mini hankali."

Ta ce, "Kazar ce ba ta da wuya, muzuru ya riga ka."

Har yau ban yarda da wannan bayanin ba.

Ranar wanki ta gaba, da aka haɗa Yaya da inji, na san sa'o'i zai yi ba ya motsi. Na ce masa zan je cin abinci, na zarce ofishin likita. Ƙafafuna suna cewa mu koma, ni ina cewa ku yi shiru. Da ma'aikaciyar jinya ta fito da allura, wadda a idona ta kai tabarya, na ce mata ni dai in na mutu a gaya wa maƙwabcina ya rufe mini shago. Na farka na tarar ana yi mini fifita da fayil, wata tsohuwa mai jiran layi tana cewa ƙato da shi.

Gwajin ba ɗaya ba ne. Makonni aka yi ana ɗibar jinina, ana auna fitsari, ana ɗaukar hoton cikina, duk a ɓoye, duk a ranakun da Yaya ke kan inji. An sa ni gaban wasu mutane suka tambaye ni ko an tilasta mini, ko an ba ni wani abu. Na ce cinyar kaza guda ɗaya. Suka rubuta wani abu, ban san ko ita ce ba. Ƙarshe likita ya ce mun dace, ƙodojina lafiyarsu ƙalau, sai dai in rage tumbi. Na fara zuwa kasuwa a ƙasa, mutanen layinmu suka ce karaya ce ta same ni na sayar da mota. Likitan ya kuma ce duk wannan ba shi da amfani sai mai ciwon ya yarda da bakinsa. Wannan kuwa ba aikin allura ba ne.

Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, masara ta kai ƙugu. Yaya ya rame har babbar rigarsa tana neman mai ita. Bai iya zuwa Idi ba. Da muka sauko, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, aka jingina shi da matashi don ya ga yanka. Ɗansa ya kayar da ragon gidansu ya yanka a madadinsa. Sai na tuɓe rigata na nufi turke, na kwance farin ragon mai baƙin kunne.

Yaya ya ce, "Auta, ina za ka da shi?"

"Layya zan yi."

"Na ce a ajiye wannan."

"Ka ce. Amma nawa ne, kiwo na kawo. Tsohuwa, ƙarya na yi?"

Matarsa ta ce daga bakin madafa, "Ni ban ga komai ba, hayaƙi ya cika mini ido."

Ɗansa ya riƙe mini ƙafafu. A rayuwata ban taɓa yanka ko tantabara ba, amma ran nan na yi bismilla na yanka, da ido ɗaya a buɗe. Aka feɗe.

A gidanmu hanta da ƙoda ake fara gasawa, a kai wa maigida ya buɗe baki da su kafin kowa ya taɓa nama. Na sa aka gasa mini ƙodojin ragon nan biyu, aka barbaɗa yaji, na ɗauko a faranti na zauna a gabansa. Shi likita ya hana shi gishiri da yawan nama, ya sani, na sani. Na ɗauki ta farko na cinye yana kallo. Na ɗauki ta biyu na bi da ita. Na suɗe yatsu.

Na ce, "To Yaya, soso ya ƙare. Yanzu huɗu gare ni, sun yi mini yawa. Ka rage mini ɗaya."

Ya dubi farantin. Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

"Masara."

Ya kawar da kai. "Inna ce ta ce in kula da kai."

"To ka kula da ni mana. Wa ya ce ka gama? Kana can kana nuna wa yaro iyakar gona, ni wa ka nuna wa? Na je an gwada, mun dace. Na suma, an yi mini fifita, an yi mini dariya, duk na riga na biya. In ka ƙi, wannan sumar ta tafi a banza."

Bakinsa ya ɗan motsa, ban sani ba ko dariya ce ta so fitowa ya danne ta. Ya dubi cikina yadda yake duban buhun da na kawo masa daga shago.

Ya ce, "Ita wannan taka, wa ya san halinta? Mutumin da ba ya shan ruwa sai lemon kwalba."

Na ce, "Tun ina goye a bayanka take gefen gonarka kana kallonta. Ta ga fari, ta ga ruwa mai yawa, ta ga girkin matarka. In akwai irin da ka gwada ya kai wannan daɗewa, faɗa mini sunansa."

Ya kori ƙudajen da suka fara taruwa a farantin. Can ya ce wa ɗansa, ba tare da ya dube ni ba, "Bayan Sallah ka kira likitan nan, ka ji ranar da zai ba mu." Sannan ya ce da ni, "Ɗauke farantin nan daga gabana, marar kunya. Ko tayi babu."

An yi aikin a Kano bayan an kai amfanin gona gida. Dangi da kuɗin wata gonar fadama da aka sayar suka ɗauki nauyinsa. Ni ban san komai ba, an ce in ƙirga, na farka ina jin kamar tirela ta bi ta kaina ta dawo da baya. Tabon da aka bar mini likita ya ce ɗan ƙarami ne, amma a kasuwa na nuna wa mutane da hannu cewa daga hammata ya fara har gwiwa, kuma babu wanda ya nemi in ɗaga riga. Yaya yana shan magungunansa kullum don kada jikinsa ya kori baƙuwar, yana zuwa asibiti a duba shi, ya koma zagaya gona da ƙafarsa. Ya ce tun da aka sa masa ita yake jin sha'awar lemon kwalba da yawan surutu.

Yarinyar nan tana can tana wanke ƙodojin ɓeraye. Yanzu in ta bugo waya Yaya yakan tambaye ta ina aka kwana, ta ce da sauran tafiya, ya ce su bi a hankali, su sa a gefe tukuna. Soson da ta tsinka yana rataye a rumfa, ba wanda ya yi wanka da shi.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Yarinyar nan ta san ni, uwarta ta fi ta sanina. Sun san in aka roƙe ni abu sai na kawo dalilai har gobe, in aka ɓoye mini kuwa sai na tona ƙasa na same shi. Wa ya ce ta miƙo mini soson nan ni, alhali ubanta ne ya yi tambayar? Wa ya ɗaure ragona daidai inda idon Yaya zai faɗa? Na tambayi uwar, ta ce in ci abinci in bar ta ta huta. Na buɗe kwanon da ta ajiye mini, wuya ne, da ƙafa ɗaya.